LABARIN MUTANEN DUNIYA: Malam Robinson, ɗan manomin kaɗa mai ƙararrawa

  

A filinmu na wanga wata za mu yi tafiya mai nisa, har ƙasar Amurka. Za mu ji labarin wani baƙar fata da ake ce ma Eddie Robinson. Malamin wasan ƙwallo ne a wata babbar lakwal. Ya kama aikin a 1941, bai aje ba sai 1997, kuma duk a wuri guda.

Na san wani zai ce: mi ya gama manomi da ƙwallo? Ku yi haƙuri ku karanta har ƙarshe. Mutumen ga ɗan manomi ne. Cikin labarinshi akwai gonar kaɗa, akwai uban da ya janye ɗiyanshi saboda aikin gona, akwai kuma gayya. Ga shi watan Oktoba ya kama. An buɗe lakwal, hatsi da gujiya kuwa suna jiran hannu. Mai gida da yawa shina kwana da wagga matsala.

INDA ANKA HAIFE SHI

An haifi Eddie Robinson ran 13 ga watan Fabrairu 1919, a wani ƙaramin gari mai suna Jackson, cikin jihar Luwiziyana, a kudancin Amurka. Ƙasar zafi ce mai ruwan sama da yawa. Ana noman kaɗa, wato auduga, ana noman rake.

Baƙaƙen fata na can jikokin bayi ne waɗanda anka kwasa daga Afirka. An hana bauta a Amurka a 1865. Amma da anka ƴanta bayi ba a ba su gonaki ba. Ƙasa ta tsaya hannun fararen fata. Sai da yawa daga cikinsu sunka shiga noman raba amfani. Ga yadda shike. Mai ƙasa shi ba ka gona da iri da alfadarin huɗa. Abinci da tufa ka ɗauka bashi a kanti. In kaka ta yi a auna kaɗa, shi ɗauki rabonshi, a cire bashi. Littafin bashi ba hannunka shike ba. Wanda bai iya karatu ba, abin da anka faɗa mishi shi ke nan. Sau da yawa mutum shi yi shekara shina wahala, shi tashi da sabon bashi bisa kai.

Duk wanda ya taɓa kai gujiya bisa sikeli bai san lamba ba, ya san irin wanga ciwo.

Uban Robinson irin wanga noma ya yi. Uwarshi kuma aikatau take yi a gidajen mutane. Tun shina yaro anka koma da shi Baton Rouge, babban birnin jihar. Can ya shiga lakwal.

A zamanin nan doka ta raba mutane a kudancin Amurka. Lakwal ta farare daban, ta baƙaƙe daban. Gidan cin abinci daban, masauki daban, har wurin shan ruwa daban. Kullum na baƙaƙe shi ne koma baya. A haka yaron ya yi karatu. Ya gama lise a 1937, ya wuce wata ƙaramar jami'a ta baƙaƙe mai suna Leland. Can ya yi wasan ƙwallo, ya fito da takarda a 1941.

Ga takarda a hannu, amma babu aikin da ya dace da ita. Sai ya shiga aikin ƙarfi a wani injin niƙa abincin bisashe a Baton Rouge. Ana biyanshi kwata na dalar Amurka ga awa guda. A shekarar nan ya auri matarshi Doris.

WANE IRIN WASA NE?

Kada ku ɗauka irin balon da yaranmu ke bugawa da ƙafa ne. Amurkawa suna da nasu daban. Ƙwallon dogo ne mai baki biyu, kamar ƙwai. Da hannu ake ɗaukarshi, a ruga da shi ko a jefa ma abokin wasa. Kowane gefe mutum 11 ne. Fili ya kai tsawon metir 91 tsakanin layi biyu na ƙarshe. Ana ba gefe guda dama huɗu su ci gaba da kamar metir 9. In sun iya, a ƙara musu huɗu. In sun kasa, ƙwallo ya koma hannun abokan karawa. Wanda ya ƙetare layin ƙarshe da ƙwallo ya samo ma mutanenshi maki 6.

Ana tare mai ƙwallo da ƙarfi a kayar da shi, kamar a kokowa. Don haka ƴan wasa ke sa hular kwano da matashi a kafaɗu. Duk da haka ana karaya, ana targaɗe, ana bugun kai.

Akwai mutum guda a kowane gefe wanda shi ne madugu. Shi ke karɓar ƙwallo da farko, shi ke ba da umurni, shi ke jifa. Ku riƙe wanga, za mu komo gare shi. Robinson kanshi madugu ne lokacin da shike Leland.

A Amurka manyan lakwal suna da ƙungiyoyin wasa. Ran Asabar dubban mutane ke zuwa kallo, su biya kuɗin shiga. Yaron da ya iya wasa, jami'a tana iya ɗaukarshi shi yi karatu kyauta, da ci da makwanci. Ga ɗan talaka, wagga hanya ce ta samun ilimi wanda ubanshi ba shi iya biya.

LAKWAL DA MANOMA SUNKA KAFA

A arewacin Luwiziyana akwai wani ɗan ƙauye mai suna Grambling, ana faɗin shi Garambilin. Manoma baƙaƙen fata na wurin sunka haɗa ƙungiya. Sunka ce suna son lakwal don ɗiyansu. Sunka rubuta takarda zuwa ga Booker T. Washington, wani babban malami baƙar fata mai lakwal a Tuskegee. Shi kuwa ya aiko musu da wani almajirinshi, Charles Adams. Anka buɗe lakwal a 1901, ana koyar da noma da sana'ar hannu. Daga baya ta zama wurin horar da malamai. A 1974 anka ba ta sunan cikakkiyar jami'a ta jiha.

Ku lura da kyau. Ba daga sama anka sauko musu da ita ba. Manoma ne sunka nema, da takarda.

A 1941 shugaban lakwal ɗin, Ralph Jones, shina neman malamin wasa. Sai anka kai mishi labarin saurayin nan na injin niƙa. Ya ɗauke shi. Shekarun Robinson 22. Albashinshi na wata dalar Amurka 63 da ƴan kai. Dalar Amurka nike nufi, ba dalarmu ta tamma biyar ba. Ko a can, kuɗin kaɗan ne.

Ba shi da mataimaki ko ɗaya. Shi ke yanke ciyawar fili. Shi ke zana layuka da farar ƙasa. Shi ke ɗaure ma yara idon sawu kafin wasa. In an gama, shi zauna shi rubuta labarin wasa shi aika ma jaridu. In za su tafi wani gari, shi ke shirya guzurin burodi, don gidajen abinci na kan hanya ba su sayar ma baƙar fata. Bayan ƙwallo kuma shina koyar da wasu wasanni.

Shekarar farko ba ta yi kyau ba. Sun ci wasa 3, an cinye su 5. Bai yi fushi ya tafi ba. Ya sake shiri. A 1942 babu wanda ya cinye su. Kai, duk shekarar babu ƙungiyar da ta samu ko maki guda a kansu.

GAYYAR KAƊA

Ana cikin haka yaƙin duniya na biyu ya yi zafi. Anka kwashe samari zuwa soja. A 1943 da 1944 babbar lakwal ba ta yi wasa ba. Sai Robinson ya koma shina horar da yaran lise na garin.

Nan ne wani abu ya faru wanda shi da kanshi ya sha ba da labarinshi. A can, lokacin wasan ƙwallo shi ne lokacin ɗibar kaɗa. Wata rana wani uba ya janye ɗiyanshi daga ƙungiya, su ne kuwa gwanayen gudu. Ya ce ba su ƙara zuwa, kaɗa ta fashe a gona, babu mai ɗiba.

To, mi malami zai yi? Shina iya zuwa shi yi ma uban faɗa. Shina iya ce mishi jahili. Shina iya kai ƙara wurin shugaban lakwal. Ko kuwa shi sa wasu yara a madadinsu, shi manta da su.

Robinson ɗan gona ne. Ya san kaɗa ba ta jira. In ruwa ya same ta a buɗe ta lalace, abincin shekara na gidan ya tafi. Ya san uban nan ba mugu ba ne, gaskiya gare shi. Sai ya tara ƴan wasanshi duka, sunka ɗunguma sai gonar mutumen. Sunka duƙa sunka ɗebe kaɗar. Aikin da zai ci gida guda kwanaki da yawa, hannu da yawa ya gama shi da wuri. Uban ya saki ɗiyanshi. A shekarar nan ƙungiyar ta zama zakara.

Mu nan muna da sunan wanga abu. Gayya ce. Hannu ɗaya ba shi ɗaukar jinka.

ƘARARRAWAR ASUBA

Bayan yaƙi, a 1945, ya koma ga aikinshi na babbar lakwal. Sunan Grambling ya fara tashi. Amma abin da tsofaffin ɗalibanshi sunka fi tunawa ba a filin wasa shike ba.

Shina da wata ƙararrawa irin wadda ake rataya ma saniya a wuya. Makiyaya sun san ta. Da sassafe shikan shiga gidan kwanan ƴan wasa shina kaɗa ta, ɗaki ɗaki. Kowa shi tashi, shi karya kumallo, shi tafi aji. Ƙaton da jiya dubban mutane sunka yi ma tafi, yau ga tsoho tsaye bisa kanshi da ƙararrawar shanu. Shekara da shekaru shina haka.

Shina koya musu ladabi: yadda ake gaida manya, yadda ake cin abinci cikin mutane, yadda ake magana gaban jama'a. In za a yi tafiya kowa shi sa tufa mai tsabta da kwat. Shi Kirista ne, shina tura su wurin ibada.

Don mi duk wagga wahala? Ku ɗauko allo mu yi lissafi. Ƴan wasanshi fiye da 200 sunka samu shiga manyan ƙungiyoyi masu biyan albashi. Shi kuwa ya yi shekara 55 shina horar da ƙungiyar Grambling. A raba 200 gida 55. Kun ga wajen mutum 4 ke nan a shekara. Alhali kowace shekara samari gommai ke hannunshi. Sauran fa? Ko wanda ya samu shiga, ƴan shekaru ne gwiwa ta gaza, a sallame shi. Ƙarfi na ƙarewa. Abin da mutum ya karanta shi ke bin shi har tsufa.

An ƙiyasta cewa wajen 8 cikin 10 na ƴan wasanshi sun gama karatu sun samu takarda. Da yawa sun zama malamai, ma'aikata da ƴan kasuwa. Ga misalin Willie Davis. Ya yi suna ƙwarai a wasa. Amma tun shina wasa ya koma jami'ar Chicago, ya samu babbar takardar ilimin kasuwanci a 1968. Da ya bar fili ya zama attajiri mai gidajen rediyo.

Malamin kanshi bai ce ya gama sani ba. Shina aiki shina neman ƙari, har ya samu babbar takarda a jami'ar Iowa a 1954, shina da shekara 35, da mata da ɗiya. Wanga ya shafe mu, mu da munka kama alƙalami da gemu.

ƘOFOFIN DA SUNKA BUƊE

A wancan zamani manyan ƙungiyoyi masu kuɗi ba su kallon lakwal ɗin baƙaƙe. A 1949 wata ƙungiya ta birnin Los Angeles ta ɗauki wani ɗalibin Robinson, Paul Younger. Ana ce mishi Tank, wato tankar yaƙi, don ƙarfinshi. Shi ne na farko daga lakwal ta baƙaƙe da ya shiga babbar gasar ƙasar. Kafin shi tafi, malaminshi ya ja mishi kunne: in ya kasa, za a rufe ƙofa ga na bayanshi. Bai kasa ba. Ya yi shekara 10 shina wasa.

A ƙarshen 1962, da wata babbar gasa ta zo zaɓen sababbin ƴan wasa daga jami'o'in ƙasar duka, wanda anka fara zaɓe ɗan Grambling ne, Buck Buchanan. Ƙauyen da ba a san shi ba ya zama abin magana. A 1968 sunka yi wasa a birnin New York gaban mutane fiye da 60.000. A 1976 sunka tafi har Tokiyo, a ƙasar Japan.

Sauran ƙofa guda. Kun tuna madugu? Farare da yawa suna cewa baƙar fata shina da gudu, shina da ƙarfi, amma ba shi da kan da zai ja ƙungiya. In yaro baƙi ya zo a madugu sai a sake mishi wuri. Wagga magana ta ci ma Robinson rai. Ya ƙudura sai ya ƙaryata ta. Ba da gardama ba, da horo. Ya shirya wani yaro, James Harris. A 1969 Harris ya buɗe shekarar wasa a matsayin madugun ƙungiyar birnin Buffalo.

Bayanshi sai Doug Williams. Ran 31 ga Janairu 1988 anka yi wasan ƙarshe na ƙasar duka, wanda ake kira Super Bowl. Miliyoyin mutane na kallo a talabijin. Williams ne madugun ƙungiyar Washinton. Sunka cinye ƙungiyar Denver 42 da 10. Anka zaɓe shi gwanin ranar. Shi ne baƙar fata na farko da ya ja ƙungiya a madugu ta ci wanga wasa. Tsohon malaminshi na wurin, ya gani da idonshi.

Kafin nan, ran 5 ga Oktoba 1985, a birnin Dallas, Grambling ta ci wasa 27 da 7. Nasara ta 324 ke nan ga Robinson. Da ita ya wuce Paul Bryant na jami'ar Alabama, farar fata, wanda ke da 323. A ranar babu malamin ƙwallo na jami'a, fari ko baƙi, da ya kai ɗan manomin kaɗa yawan nasara.

BA A RASA WAHALA

Kada mu ba da labari rabi. Mutum tara shike, bai cika goma ba.

A shekarun 1960 baƙaƙen Amurka sunka tashi neman ƴancinsu. Anka yi jerin gwano, anka daki mutane, anka kashe wasu. Robinson bai shiga gaba ba. Wasu sun ga laifinshi, sunka ce ya cika shiru. Shi kuwa a ganinshi yaƙinshi shi ne shi fitar da samari masu ilimi waɗanda ba a iya rainawa. Kowa da hanyarshi. Amma gaskiya ita ce, ba don waɗanda sunka fita titi ba, da doka ba ta sake ba.

A 1964 anka yi dokar da ta hana wariya. Abin murna ne. Sai dai ya zo ma Grambling da wani nauyi. Manyan jami'o'in farare na kudu, waɗanda da ba su karɓar baƙi, sunka buɗe ƙofa. Alabama ta fara sa baƙaƙe a wasa a 1971. Suna da kuɗi, da manyan filaye, da talabijin. Sannu sannu gwanayen yara sunka riƙa tafiya can. Rijiyar da Robinson ke ɗiba shi kaɗai, yanzu guga ya yi mata yawa. Duk da haka ya ci gaba da cin wasa shekaru da dama.

Sai tsufa ya zo. A 1995 ya cika nasara 400, amma a shekarar an fi cinye su. A 1996 sun ci 3, an cinye su 8. Mutane sunka fara gunaguni, wasu sunka ce shi sauka. Ya roƙi a bar mishi shekara guda. Anka bar mishi. A 1997 ma 3 da 8 ne. Wasanshi na ƙarshe an cinye shi. Ya aje aiki shina da shekara 78. Mai yiwuwa da ya sauka tun da wuri da ya fi. Sanin lokacin aje kaya shi ma ilimi ne, kuma da wuya ga kowa.

Ga jimillar aikinshi: nasara 408, faɗuwa 165, kunnen doki 15. Daga baya wasu malamai sun wuce shi ga yawan nasara. Wanda ya gaje shi a 1998 ɗalibinshi ne, Doug Williams.

Bayan ya bar aiki ciwon mantuwa na tsufa ya kama shi. Mutumen da ya san sunan ɗaruruwan yara ya zo shina mantawa. Matarshi Doris ta yi jinyarshi. Ya rasu ran 3 ga Afrilu 2007, shina da shekara 88. Sun yi shekara fiye da 65 tare. Shikan yi alfahari da cewa aiki guda ya yi, mace guda ya aura. Anka kai gawarshi babban gidan gwamnatin jiha a Baton Rouge, jama'a sunka yi layi suna ban kwana. Birnin nan ne inda da can shike ɗaukar buhu a injin niƙa.

ABIN DA YA SHAFE MU

Ƴan'uwa, ba don mu koyi ƙwallon Amurka na kawo wanga labari ba. Ku koma ga gonar kaɗar nan.

A wanga wata akwai yaran da sunansu ke cikin littafin lakwal, amma su suna gona. Akwai waɗanda ke bayan bisashe. Uba ya ce a bari a gama kaka. In an gama, yaro ya iske an wuce shi. Ya zauna baya, bai gane komi ba, kunya ta kama shi. Bayan wata biyu ya daina zuwa. Haka muke rasa su, ɗaya ɗaya. Mu masu koyar da manya mun san ƙarshen labarin. Bayan shekara ashirin shi ne zai zo wurinmu da dare, a gajiye, shina koyon baƙi da wasali. Muna maraba da shi. Amma icce tun shina ɗanye ake tanƙwara shi.

Ban ga laifin uba ba. Wanda bai da mai taya shi, in ya saki yaro, wa zai yanke hatsi? Tsuntsu da ɓera da bisashe ba su san an buɗe lakwal ba. Faɗa ba ya cika rumbu. Ni kaina na taɓa yi ma wani mai gida faɗa a kan ɗanshi. Ya saurare ni har na gama, sannan ya nuna mini gonarshi ya ce in duba. Na duba, na rasa ta cewa. Yaron bai koma ba. Da na san labarin Robinson a lokacin, da ba baki na kai mishi ba, hannu na kai.

Ga shawarata. A kowane gari a zauna, da mai gari, da malamin lakwal, da ƴan karatun manya, da samari. A rubuta sunayen gidajen da yaransu ba su zuwa saboda aiki. Yanzu kun iya rubutu, ku za ku rubuta. A duba waɗanda da gaske ba su da hannu: tsofaffi, marasa lafiya, matan da mazansu sunka rasu ko sunka tafi bida. A sa rana a yi musu gayya, gida bayan gida. Ran da babu lakwal, manyan ɗalibai su fito tare da malaminsu. Sharaɗi guda ne: gonar da anka yi ma gayya, yaron gidan shi kwana da shirin aji. Makiyaya kuma su duba ko ana iya haɗa garke, manya su karɓi kiwo bi da bi, yara su samu safiya. Kada a manta da ƴan mata. Su ne ake fara janyewa, su ne kuma ba a tambaya.

Sannan ƙararrawa. Ba sai an saye ta ba. Kowane gida akwai ta: uba ne ko uwa da za su tada yaro da safe su ce tashi ka tafi. Ba rana guda ba, kullum. Malam Robinson ya yi shekaru shina kaɗa tashi don ɗiyan wasu. Mu namu ne na cikinmu.

In an karanta wanga labari a wurin karatu, ku tattauna tambayoyin ga. Yara nawa ne a garinku ba su koma lakwal ba bana? Gida nawa ne gayya za ta iya fid da su? Wa zai fara?

Garin da ya gwada, a rubuto muna da hannunku yadda ta kasance, ko ta yi kyau ko ba ta yi ba. Za mu buga a jarida don wasu su ƙaru.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.